Mai Rakiyar Albasa Da Ya Auna Birane

Kai da ka zauna kana raba wa birane daraja, wannan ya fi armashi, wancan ya mutu, gyara zama ka ji misalin wani mai rakiyar albasa. A wani gari na manoman rani aka yi shi, mutum mai baki kamar ganga. Aikinsa shi ne, in an loda buhuna a babbar mota, ya haye can ƙoli ya raka su kudu, ya damƙa wa dillali, ya juyo. Da wannan ya zama alƙalin birane a majalisar gindin durumi. "Babu birnin da ban taka ƙwaryarsa ba," in ji shi, "daga Ibadan har Anacha, har ita Ikkon da kuke jin sunanta jikinku na rawa." Sai ya miƙe ƙafa ya fara yanke hukunci. Wai tsakiyar Ibadan ta fi daɗin zama, don rumfunanta akwai inuwa. Tsakiyar Anacha akwai hada-hada, amma taɓo ya kashe ta. Ikko kuwa suna ne kawai: fili ne guda, da rumfunan kwano, da masallaci, da wani mai shayi mai rowar madara, kuma duk wanda ka taka wa ƙafa da Hausa zai zage ka. Yakan ƙara da cewa abin da ke ɗaure masa kai shi ne, duk manyan biranen nan warinsu ɗaya, na ruɓaɓɓiyar albasa. Jama'a su jinjina kai, su ce tafiya mabuɗin ilimi.

To, abin da ba su sani ba, shi ma gogan bai sani ba, motar albasa ba ta kutsawa cikin gari. A kasuwar kayan gwari take tsayawa, can nesa da inda birnin ke tafasa. Nan yake sauka, nan yake cin tuwo wajen 'yan arewa, nan yake miƙewa a kan buhuna, daga nan kuma ya hau mota ya komo gida. Shekara da shekaru kasuwannin albasa yake gwadawa da juna, yana cewa birane ne.

Wata shekara albasa ta yi albarka, manoman suka haɗa kai za su sayo injin ban-ruwa a Ikko. Suka ce masa ya ja su, in ya kai su ya dawo da su lafiya, rakiyar kayan garin kaf ta zama tasa. Ya bugi ƙirji, ya ce ko ido rufe. Aka tafi da dattawa, har da wani kawunsa da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba. Da suka sauka, ya buɗe hannuwa ya nuna musu rumfuna, ya ce ga Ikko nan gaba ɗayanta, su kalla su more. Amma da aka tambayi injin, sai dillali ya ce ai sai sun shiga cikin gari. "Wane ciki kuma, Alhaji?" in ji gogan. Dillalin ya ɗauka wasa yake, ya yi dariya, ya cusa su a wata motar haya ruwan ɗorawa.

Mota ta yi ta gudu, gari ya ƙi ƙarewa. Can sai ga su a kan wata gada, ruwa dama, ruwa hagu, ba a hango ƙarshenta. Gogan ya runtse ido yana salati da ƙarfi, har fasinjoji suka juyo suna kallonsa. Da aka sauke su kuwa, sai ya ji kamar an juye shi cikin tukunya mai tafasa. Mutane kamar fari, kowa na sauri kamar an biyo shi. Shaguna bisa shaguna, atamfa na lilo daga bene, kiɗa daga nan, wa'azi daga can, masu ɗaukar kaya na ihu a ba su hanya da harshen da bai taɓa ji ba. Ya shaƙi iska, babu ko ɗigon warin albasa. Ya ɗaga kai zai ga inda wani gini ya tsaya, hularsa ta faɗi, kafin ya sunkuya ƙafafu sun tafi da ita. Sai ga alƙalin birane, kai ba hula, ya cafke gefen rigar kawun nan nasa da hannu biyu kamar ɗan yaye.

"Kawu," in ji shi, kowa na ji, "don Allah nan wace ƙasa ce?"

Tsohon ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa, ya dubi sauran dattawan da suka yi cirko-cirko baki buɗe. "Ni kake tambaya, ɗan nan? Ni da na biyo ka? Sakar mini riga, mu nemi wanda ya san gari ya kai mu."

Ka ji, malam. Kafin ka ce wannan birni ya fi wancan, fara tambayar kanka inda motarka ta sauke ka. Gaskiyar masu magana ce: rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.