Takalmin Baba a Kan Yashi

Ina 'yar shekara tara Baba ya aro kayak, wani siririn kwalekwalen roba, ya kai ni kamun kifi bakin teku, a Pelham Bay. Ɗan masunta ne daga Yawuri, amma tun zuwansa Bronx, a ƙasar waje, hannunsa bai riƙe komai ba sai sitiyarin tasi.

Ya tuɓe takalminsa na fata, wanda Kaka ta aiko masa, ya ajiye a kan busasshen yashi kamar yadda ake yi a gida. Muka shiga ruwa.

Da la'asar muka dawo da kifi biyu. Babu yashi, babu takalmi. Teku ta cika har gindin duwatsu.

Ya daɗe yana kallo, har na ɗauka ransa ya ɓaci. Sai ya yi dariya.

"Uwata, a Yawuri ruwa in ya wuce ya wuce. Na nan kuwa, ashe zuwa yake ya dawo."

Ƙafa ba takalmi ya tuƙa mu gida.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Har yanzu nakan je wurin, in tuɓe takalmina, in tsaya sai ruwan ya dawo ya taɓa ƙafata.