Tsohuwar Bakin Lif

Na dire bokitin a gindin matakala, gwiwoyina na zogi. Tunda na fara shara a asibitin nan ban taɓa shiga lif ba. Akwatin ƙarfe ya rufe da mutum ya yi sama? Ba da ni ba. Ga shi shugabarmu ta ce in na ƙara makara a hawan sama, za ta nemi wata.

Sai wata tsohuwa mai sanda ta kamo gefen rigata.

"'Yata, jikana na kwance a sama, ni kuma tsoron abin nan nake. Raka ni, don Allah."

Kunya ta hana ni cewa ni ma haka. Muka shiga, na danna inda na ga ana dannawa. Ƙofa ta rufe, tsohuwar ta saki ihu.

"Wayyo, za mu faɗo!"

"Ba za mu faɗo ba, Iya, riƙe ni," na ce.

Da ƙofa ta buɗe, wata nas ta gan mu ta kwashe da dariya.

"Iya, kin kuma kamo wata? Yau wane jikan ne ba lafiya?"

Tsohuwa ta saki hannuna.

"A nan na yi shara har na tsufa, 'yata. Tsoro ya bar ni a matakala, matakala ta ba ni sandar nan."

Ta danna maɓallin da bakin sandar, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mu koma. Kin bar bokitinki a ƙasa."