Mai Aski da Faifan Garmahon Ubansa

Kai da ba ka iya ganin ɗan aibi a jikin abu ka kau da kai, ajiye abin da ke hannunka ka saurare ni. Kada ka katse ni, ba na maimaita magana.

An yi wani mai aski a garinmu, hannunsa da sanyi, tsabtarsa har ta yi yawa. Ubansa makaɗin kukuma ne, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsa a faifai. Da tsohon ya rasu aka raba gona da awaki, shi kuwa ya ce a bar masa garmaho da faifan nan guda. Ka ma san garmaho kuwa, ko a waya ka buɗe ido? Akwati ne mai mariƙi a gefe. Ka wana shi, faifai ya kama juyawa, ka ɗora masa allura, murya ta fito. Ba lantarki, ba batir. Duk Sallah sai ya kai shi ɗakin tsohuwarsu ya wana, ta ji mijinta. Amma faifai ma tsufa yake kamar mutum. Kowace shekara wani shuuu da ke bin waƙar sai ƙaruwa yake, kamar ruwan sama a kan kwano, muryar tana ja da baya, ga kunnen tsohuwa ya fara nauyi. Wata Sallah sai da ta kafa kunne a jikin akwatin, sannan ta ce, "Yau babanku daga nesa yake waƙar." Maganar nan ta tsaya masa a ƙahon zuci shekara guda cur. Yana aski yana saƙe-saƙe, har ya kusa zaftare wa wani kunne. Bana fa? In ba ta ji komai ba? In kuma bana ce Sallarta ta ƙarshe? Ya ɗauko faifan ya duba a rana, ya ga dauɗa ta cushe siraran layukansa. Ya hure, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Wani tsohon mai gyaran agogo ya ce masa ya share da busasshen ƙyalle mai laushi, ya sa sabuwar allura, ya bar shi haka. Ina! Wanda tsoro ya kama ba ya yarda da magani mai sauƙi.

Ranar jajibere da hantsi idonsa ya faɗa kan kwalbar sifirit da yake goge aska da almakashi. Shekara talatin yana aiki da ita, ba wanda ya taɓa tashi daga gabansa da ƙurji. Ya ce abin da ya ci dauɗar aska, ta faifai ba za ta gagare shi ba. Ya jiƙa auduga sharkaf ya bi faifan. Audugar ta fito baƙi ƙirin, gogan naka har da murmushi, wai ga dauɗar shekaru tana fita. Ya ƙara sifirit, ya danna, ya juya bayan ma ya dirje shi tas. Bai san faifan zamanin da, da wani irin ƙaro ake yin sa ba, wanda sifirit ke narkarwa. Baƙin nan da yake murna da shi, faifan ne kansa yake kwashewa. Sai da ya ji yatsunsa na mannewa sannan ya tsaya. Ya fita da shi rana ya duba: layukan sun shafe, ya yi sumul kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Bai faɗa wa kowa ba, yana ta roƙon Allah ya sa idonsa ne ke masa gizo. Washegari bayan an sauko daga Idi, tsohuwa ta zauna a kan tabarma da sabon zane, an tsawatar wa jikoki sun yi tsit. Ya wana, ya ɗora allura. Ta zame ƙiii har tsakiya. Ya sake ɗorawa, ta sake zamewa. Tsohuwa ta matso da kunnenta, ta ce, "Ƙara wana shi, ɗan nan, ban ji ya fara ba."

To ka ji. Da ya bar shi da shuuu ɗinsa, ko daga nesa ne da ta ji mijinta. Hausawa ba su yi ƙarya ba: garin neman gira, a rasa ido.