Fanel ɗin da Ya Ƙi Zama

Kowace Alhamis bayan Azahar, Malam Buba yakan shimfiɗa tabarma biyu a zaurensa na Maruta, ya kasa kunne har ya ji ƙarar babur daga hanyar Birnin Kudu.

A kusurwar zauren akwai injin wasa, dogon akwati mai gilashi da sandar juyawa da ramin jefa kwabo. Marigayi ƙanensa Maikano ne ya kawo shi daga Kano tun zamanin soja, ya rasu ya bar shi. Idan aka kunna yakan yi kiɗansa, amma gilashin baƙi ƙirin. Mutanen gari suna mamakin malamin da ya shafe rayuwarsa tsakanin Muwaɗɗa da Risala, ya tsufa yana jinyar kayan wasa. Tun rasuwar matarsa Zahara'u, bara waccan, maganarsa ta ragu ƙwarai.

Mai babur ɗin, wanda ke zuwa gyaran injin, yakan cire takalmansa tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi. Malam yakan amsa a taƙaice, idonsa a kan carbi.

"Ya sake mutuwa?" mai gyaran yakan tambaya.

"Ya sake."

"Baba kuwa bai taɓa shi ba?"

"Ni ina ruwana da shi? Kai ne dai gwanintarka ta gaza."

Mutumin yakan yi murmushi, ya buɗe bayan akwatin, ya zaro fanel ɗin hoto, wato farantin da ke aika sura zuwa gilashi. Ya goge ƙura, ya ɗiga dalma, ya haɗa da batirin da ya zo da shi. Hoto ya dawo, ƙananan jirage suna sauka a jere. Su yi La'asar tare, a sha fura daga ƙwarya ɗaya ba tare da hira ba, sannan babur ya tafi.

Idan ƙararsa ta ɓace, Malam yakan tashi ya zura hannu ta bayan akwatin, ya girgiza wata jar waya har ta sake. Sai ya yi istigfari sau saba'in. Wata goma sha ɗaya ke nan yana haka.

Wannan Alhamis ɗin mai gyaran ya zo da ƙunshi a kwali.

"Sabon fanel ne, Baba. Na sa an nemo shi daga Legas. Wannan ba ya sakin waya, kuma zan rufe bayan da ƙusa."

Malam ya so ya ce a bar tsohon, amma ba shi da hujjar da zai faɗa ba tare da ƙarya ba. Ya zauna yana kallon hannuwan nan masu dogayen yatsu suna ɗaura wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya fito tar, fiye da yadda ya taɓa fitowa. Aka buga ƙusa huɗu.

"Masha Allah," in ji Malam. "Ka huta da zirga-zirga."

Suka yi sallah. Furar ta ƙi shiga. Ya tuna Alhamis mai zuwa, da wadda ke bayanta, da tabarma ɗaya a zaure.

Mai gyaran ya ɗaure jakarsa, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

"Sai dai irin wannan fanel ɗin, Baba, ba ya son a bar shi. Dole a riƙa kunna shi duk mako, kuma batirin yana wurina." Ya gyara riƙon jakarsa. "Ba sai an sake wahalar da jar wayar ba."

Malam bai ɗago ba. Carbin ya tsaya cik a hannunsa.

"Allah ya yi albarka," ya ce da bango.

Ya saurari babur ɗin har ya ɓace. Da ya tabbata babu kowa, sai ya motsa leɓɓansa a hankali, ya furta sunan da kunya irin ta iyayensa ta hana shi kira shekara arba'in da huɗu, tun ranar da aka raɗa shi aka miƙa jaririn ga kakarsa a Birnin Kudu: Saifullahi, ɗansa na fari.