Bindiga Kurma

Tun shekarar da ƙasashe masu sayar da makamai suka fara riƙe makullin duk bindigar da suka sayar, Sarkin Maƙera Gagare ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Aka yi masa dariya.

Ranar Laraba da hantsi sai ga 'yarsa Lantana, shugabar sojojin da ke tsaron gadar garin. Ta jingine bindigarta can gindin tsamiya, ta lulluɓe ta da buhu, sannan ta zo ta durƙusa.

"Baba, masu sayar da makaman sun kulle mana bindigogi daga can ƙasarsu tun asuba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mutanen ƙetaren kogi sun fi mu ciniki a wurinsu. Gobe za su hau gada."

"Ɗaga murya mana, Kyaftin. Ko bindigar ma tsoronta kike?"

"Tana ji, Baba. Kuma tana kai gulma."

Tsoho ya miƙe. Ya yaye tabarmar da ke bayan zugazugi, sai ga bindigogin toka arba'in, ƙirar hannunsa, kowacce ta sha mai. Ya miƙa mata ɗaya.

"Ungo. Wannan kurma ce, ba ta da ubangida a wata ƙasa. Yatsanki kaɗai take ji."