Allon da Aka Kafa a Kabarin Shiraki

Ranar Talata Baba Iwase ya tarar da allon. An kafa shi gaban kabarin gidan Shiraki, da hatimin ofis a jiki: in shekara ta cika wani ɗan'uwa bai fito ba, za a cire dutsen kabarin, a juye tokar mamatan a babban ramin marasa kowa.

Ya karanta sau biyu. Ya ajiye bokiti, ya shiga wanke dutsen da yatsu takwas ɗin da sanyi ya bar masa.

Makabartar ta haura shekara ɗari. A bayan gari aka buɗe ta, Tokyo ta biyo ta kewaye ta. Akwai ministoci a ciki, da janar-janar, da wani marubuci da baƙi ke nema da taswira a hannu. Shekara arba'in Iwase ya yi yana share musu ganye, da aka sallame shi ma bai daina zuwa ba. Ba mata, ba ɗa, sai ɗaki guda bayan tashar jirgi.

Kabarin Shiraki ba ya cikin taswira. Suna uku ne a jikinsa. Sakuzo, soja, an rubuta ya mutu a Manchuria yana ɗan ashirin da uku. Matarsa Fusa. Sai ƙanensa Teiji, wanda dangi suka aura wa Fusa bayan soja sun aiko da tulun tokar gawar Sakuzo, kamar yadda gidaje da yawa suka yi a lokacin. Ba su haihu ba.

Sanda Fusa ke da rai, in ta zo ziyara, Iwase kan ɗauki tsintsiya ya koma can ƙarshen katanga. Abokan aiki suka ce tsoron mata yake. Sai da ta rasu ya soma zuwa duk Talata, ya zuba wa dutsen ruwa, ya ajiye curin shinkafa mai wake da sukari, ya kunna turare tsinke biyu.

Furanni suka zube, zafi ya wuce, ƙanƙara ta sauka ta narke. Ba wanda ya zo. Ana saura kwana shida wa'adin ya cika, ya shiga ofis.

Hoshino, mai riƙe da rajista, ta ɗago tana dariya. "Baba! Yau kuma wane minista ne ya kawo ƙara?"

"Allon layi na tara. A cire shi."

"Haba Baba, ka fi ni sanin doka. Sai dangi."

"Ni nake wanke shi."

"Da wanki na sa 'yan'uwantaka, ai kai ne magajin janar goma sha biyu." Da ta ga fuskarsa sai ta daina dariya. "Ka yi haƙuri. Litinin masu ɗaga dutse za su zo."

Ya tsaya yana kallon taga. Fusa ko gidan wanka na unguwa ba ta shiga sai ta ga an watse. Ita za a cakuɗa da baƙi dubu.

"Ba ni takardar da dangi ke cikewa, 'yata."

Ya daɗe da alƙalami a hannu, kamar mai tuna hanyar da ya jima bai bi ba. Ya rubuta, ya tura mata.

Ta duba. "A'a, Baba, nan sunanka za ka sa. Wannan ai na sojan ne, mamacin."

"Ki sa a buɗe tulunsa. Tsakuwa ce a ciki." Ya sa hularsa. "Shekara huɗu na yi a sansanin fursunonin yaƙi a Siberiya. Da na dawo na hango Fusa a ƙofar gida tana yi wa ƙanena dariya, sai na wuce."