Cigiyar Farin Sa

Igiya na nan a turke, sa ne babu. Kuma don abin ya cika, sai a safiyar da ƙauyen Badafi ya tashi da ruwan shuka, kowa na fito da garma.

Ubale bai je wurin mai unguwa ba, bai leƙa maƙwabta ba. Waya ya zaro. Mutumin da ya shekara tara a Fesbuk yana raba gardama kan taki da siyasa da ƙwallo, ina shi ina bin gida-gida? Ya ɗora hoton farin san nan mai guntun ƙaho ɗaya, ya rubuta cigiya, ya sa lamba, ya zauna jira. Ai an yi lokacin da akuyar wata tsohuwa ta ɓata a Ba'awa, ya saka cigiyarta da hantsi, kafin la'asar aka kawo ta a kan babur.

Har azahar mutum biyu suka taɓa hoton. Ɗaya surukinsa, ɗaya wani mai tallan maganin basir daga wata jiha.

Bai yi mamaki ba, haushi ya ji. Ya daɗe yana faɗa a teburin mai shayi cewa mutane sun watse. Samari sun koma Tiktok suna kallon rawa, dattawa sun maƙale a Wasap suna tura wa juna addu'ar safiya, saura kuma sun zama 'yan leƙe, su karanta su wuce kamar ɓarayi. Abokansa da sun haura dubu biyu, yau ba su cika ɗari uku ba. A da kullum sai ya yi cacar baki da wani kafin ya karya kumallo, kuma shi ba ya jan magana da marar kunya, take yake yanke ta. Yanzu kuwa ko ya ce rana daga yamma take fitowa, babu mai ce masa kanzil. Har yabon wannan zaman lafiyar ya taɓa yi.

Sai dai zaman lafiya ba ya jan garma. Ɗan'uwan san yana tsaye yana cin harawa a banza, karkiya jingine da bango, gonar masara kuwa danshinta na tafiya kullum. Shanun haya duk an kama su har sati biyu gaba. In laimar nan ta wuce masa, sai dai ya yi kallon masarar wasu.

Ya hau babur. Kiru, Kwanar Dangora, Bebeji, ya dawo. Ya shiga kara ya bi shanu ɗaya-ɗaya yana duba ƙaho har dillalai suka fara hararar sa. Duk inda ya tsaya sai ya zaro waya, ya ja allo ƙasa, ya sake ja. Ya sabunta cigiyar sau takwas, ta ƙarshe rabinta zagi ne ga al'ummar da ta daina taimakon juna.

Matarsa Saude ta ce ya je masallaci ya yi cigiya kamar kowa. Ya ce ta bar shi da abin da ya dame shi. Ta bar shi. Kwana uku bayan nan ta sake faɗa, ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba.

Ran Juma'a, kwana na takwas, ya haɗiye girman kai ya miƙe bayan an sallame. Bai kai ƙarshen siffanta ƙahon ba wani dattijo ya ce ai masu tallan nono sun kwana biyu suna wannan zancen. Farin sa na rugar wani Muzammil, ta wajen Tudun Wada.

Duk tsawon hanya Ubale na shirya abin da zai faɗa, kuma babu godiya a ciki.

San na nan ƙarƙashin ɗorawa, har ya yi ƙiba. Muzammil, magidanci siriri da sanda a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe shi. Ubale ya amsa rabi, ya hau shi da faɗa: kwana takwas ana riƙe da dabbar mutum, ga waya a aljihu, ga cigiya ta cika duniya, wannan riƙo ne ko ɓoyo?

"Baba Ubale, ranar da ya biyo garkenmu na gane shi," in ji Muzammil. "Na ga hotonsa tun lokacin da ka sayo shi. Garinku ne ban sani ba."

Ya ce nan take ya nemi sunan Ubale a wayarsa, bai fito ba. Ya gwada ta ƙanensa, babu. Ya shiga Tudun Wada ya roƙi mai maganin dabbobi, da mai caji, da wani malamin makaranta. Waya goma sha ɗaya, kuma kowa ya san Ubale, amma babu wadda ta nuna shi. Suka yanke cewa ya bar Fesbuk kamar yadda ake ta bari. Wani ma ya ce ko rasuwa ya yi. Shi ne aka ba mata saƙo su yaɗa da baki.

Ubale ya tura masa wayarsa har tana taɓa masa hanci. Ga shi nan da ransa, ga cigiya takwas a jere.

Muzammil ya duba. Ya nemi izini, ya danna nan ya danna can, ya shiga wani lungu da Ubale bai taɓa buɗewa ba, sannan ya miƙo da hannu biyu.

Sunaye ne, yana ja suna zuwa, daga Bebeji har Doguwa, har yatsa ya gaji ba su ƙare ba: duk mutanen da shi Ubale ya yi wa bulok, ya toshe su daga ganinsa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, Muzammil a cikinsu tun ranar da ya ce wa Ubale damina za ta makara.